Duke Kahanamoku, Gwanin Ninƙaya Na Tsibiran Hawai (1890 zuwa 1968)

Mu mutanen ƙasar Gobir ba mu cika ɗaukar iyo a matsayin gwanintar da za a yi wa mutum kirari saboda ita ba. Ɗan kokawa da ɗan dambe da mahayin doki kowa yana da makaɗinsa, amma wanda ya iya ruwa sai mu ce ai Basarke ne, gadon gidansu ne, mu wuce. Alhali kuwa ruwa yana tare da mu. Duk damina Bunsuru da Gagare sukan cika su batse su tura ruwansu cikin Rima, mutanen ƙauyukan Isa da Sabon Birni su koma ga kwalekwale domin cin kasuwa ko kai majinyaci asibiti, kuma da wuya shekara ta wuce ba a ji labarin jirgin da ya kife a wani gulbi na jiharmu ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wani mutum daga can ƙarshen duniya, wanda iyo ya ɗaukaka shi, shi kuma ya yi amfani da iyon ya ceci rayuka.

An haifi Duke Kahanamoku ranar 24 ga Agusta, 1890, a birnin Honolulu na tsibiran Hawai, waɗanda ke tsakiyar Tekun Fasifik. Kalmar Duke, wadda ake furtawa Diyuk, sarauta ce a Ingila, amma a wurinsa suna ne kawai na yanka. Ya gaje shi daga mahaifinsa, wanda aka raɗa wa sunan saboda ziyarar da wani ɗan Sarauniya Biktoriya mai riƙe da wannan sarauta ya kai tsibiran a 1869. Mahaifin ɗan sanda ne, mai iyali da yawa da ƙaramin albashi.

A lokacin da aka haife shi Hawai ƙasa ce mai sarkinta. Yana da shekara biyu da 'yan watanni, a 1893, Turawa 'yan kasuwa da masu gonakin rake suka tuɓe Sarauniya Liliyuokalani da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, sannan a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran baki ɗaya, wato shekara biyar kafin Turawan Ingila su ci Sakkwato. Saboda haka yaron ya tashi ne cikin mutanen da aka ƙwace wa mulki, aka kawar da harshensu daga makarantu, aka mai da su bare a ƙasar kakanninsu. Duk wanda ya karanta tarihinmu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan.

Iyalin sun koma unguwar Waikiki a bakin teku, kuma a nan Duke ya girma. Ana ba da labarin cewa mahaifinsa ya koya masa iyo ne ta hanyar ɗaura masa igiya a ƙugu ya jefa shi cikin ruwa. Karatun boko bai yi nisa ba, domin ya bar makaranta ya shiga ƙananan sana'o'i don taimakon gida. A matsayinmu na waɗanda suka ƙare rayuwarsu a aji, wannan bai yi mana daɗi ba, kuma za a ga yadda rashin ilmin ya riƙa bin sa har girmansa. Teku dai ita ta zama makarantarsa. Ya ƙware a iyo da nutso da tuƙa kwalekwale, da kuma wani wasa na kakanninsa, wato hawan igiyar ruwa. Yadda ake yin sa shi ne mutum ya kwanta rub da ciki a kan wani dogon katako mai faɗi, ya tuƙa da hannuwansa ya nausa cikin teku, in babbar igiyar ruwa ta taso sai ya miƙe tsaye a kan katakon ta sulalo da shi har gaɓa. Wanda ya taɓa ganin masunta a Matan Fada sun kifa ciki a kan gora suna ratsa ruwa ya ga rabin abin. Katakon da Duke ya fi so tsawonsa ƙafa 16 ne, nauyinsa kuma ya zarce kilo 50, ya ɗara buhun siminti. Wannan wasa ya kusa mutuwa bayan zuwan Turawan mishan, sai Duke da abokansa suka farfaɗo da shi, suka kafa ƙungiyarsu mai suna Hui Nalu.

Fitowarsa Duniya

Ranar 11 ga Agusta, 1911, aka shirya gasar iyo a tashar jiragen ruwa ta Honolulu. Duke ya ninƙayi yadi 100 cikin sakan 55.4, wato ya rage sakan 4.6 daga lokaci mafi sauri da aka sani a irin wannan gasa. A gasar da ake raba gwani da gwani da ƙiftawar ido, wannan tazara ce mai ban tsoro. Da aka aika sakamakon ga hukumar wasanni ta Amurka sai ta ƙi amincewa. Ta kawo hujjoji iri iri, ko agogon ne bai da kyau, ko awon filin ne ba daidai ba, ko kuma ruwan ne ya tura shi. A ganinmu abin da ya yi musu wuya shi ne yarda cewa wani saurayi mai duhun fata, wanda babu kocin da ya taɓa koya masa, ya fi duk zakarunsu.

Mutanen Hawai ba su tsaya jayayya ba. Gani ya kori ji. Suka yi karo-karo suka tara kuɗin jirgi suka tura shi babban yankin Amurka a farkon 1912. Gasarsa ta farko a garin Fitsbag ta zo da abin kunya, domin bai saba da sanyi ba, bai kuma saba da iyo a tafkin da aka gina cikin ɗaki ba. Jijiyar ƙafarsa ta ɗaure a tsakiyar ruwa, sai da aka tsamo shi. Bai karaya ba. Wani koci na Jami'ar Fensilbeniya mai suna George Kistler ya karɓe shi ya gyara masa numfashi da yadda ake juyawa a bangon tafki, amma ya bar masa salon ƙafarsa, wanda yake kaɗawa da sauri sama da ƙasa kamar farfela. Cikin 'yan watanni ya sami gurbi a tawagar Amurka ta wasannin Olamfik.

A birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin, a 1912, wani abu ya faru da ya cancanci a dakata a kansa. Saboda ruɗanin lokaci, 'yan wasan Amurka ba su halarci zagayen kusa da na ƙarshe na iyon mita 100 ba, kuma bisa doka sun fita ke nan. Wanda zai fi kowa cin ribar wannan shi ne Cecil Healy na Ostareliya, domin in babu Duke zinariya tasa ce. Amma shi ne ya matsa wa alƙalai a ba su dama. Aka shirya musu zagaye na musamman, Duke ya tsallake, ya zo ya cinye gasar, Healy ya zo na biyu. Mutumin ya san abin da zai rasa, ya kuma zaɓi ya rasa shi. Healy bai yi tsawon rai ba, an kashe shi a fagen daga a Faransa a 1918. Duke ya koma gida da zinariya ɗaya, da kuma azurfa ɗaya ta gasar 'yan huɗu masu karɓa-karɓa.

A ƙarshen 1914 mutanen Ostareliya suka gayyace shi. A wani bakin teku kusa da birnin Sidni ya sassaƙa katako da hannunsa ya nuna musu hawan igiyar ruwa, kuma har yau ana ajiye da katakon a can. Daga irin waɗannan tafiye-tafiye nasa wasan ya bazu a Ostareliya da Kalifoniya.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye masa Olamfik ta 1916, lokacin da yake kan ganiyar ƙarfinsa. A 1918 ya zagaya biranen Amurka yana wasan iyo don tara kuɗin taimakon yaƙi, inda annobar murar nan da kakanninmu suka kira marisuwa ta kama shi har ya kusa rasa ransa. Duk da haka a 1920, a birnin Antwaf na Beljiyam, yana ɗan shekara 30, ya sake cin mita 100. Wani ɗan wasa ya kai ƙara cewa an tare masa hanya, aka soke gasar aka sake ta, Duke ya sake cinyewa. Ya ƙara da zinariyar karɓa-karɓa. A Faris a 1924 ne ya gamu da wanda ya fi shi, wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Johnny Weissmuller, wanda dattawanmu masu zuwa silima za su tuna a matsayin Tazan. Duke ya zo na biyu, ƙanensa Samuel ya zo na uku. Jimillar abin da ya samu a Olamfik zinariya 3 da azurfa 2.

Mai karatu zai zaci mai irin wannan suna ya yi arziki. Ko kusa. Dokar wancan zamani ta hana ɗan wasan Olamfik karɓar ko kwabo ta hanyar wasansa, doka ce da ta dace da 'ya'yan masu hali, ta kuma ƙuntata wa ɗan talaka. Ga shi babu takardar makaranta. Ya yi ƙananan ayyuka a ofisoshin gwamnati, sannan ya koma Kalifoniya neman sa'a a harkar fim. A can ma launin fatarsa ya tsaya masa, ba a ba shi sai ƙananan matsayi, yau sarkin wata ƙabila, gobe ɗan fashin teku, yayin da Weissmuller ya zama tauraro.

Ranar Da Jirgin Thelma Ya Kife

Zamansa a Kalifoniya ne ya kai shi ga aikin da a ra'ayinmu ya fi lambobin nan biyar nauyi. Da safiyar 14 ga Yuni, 1925, yana tare da abokansa a bakin teku a wani wuri da ake kira Korona del Mar. Teku ta yi fushi a ranar. Wani jirgin masu kamun kifi mai suna Thelma, ɗauke da mutum 17, yana ƙoƙarin ratsa mashigin tashar sai igiyar ruwa ta buge shi ya kife. Mutane suka watse cikin ruwa sanye da tufafi masu nauyi.

Wanda ya san ruwa ya san cewa ceton mai nutsewa ya fi iyo haɗari nesa ba kusa ba. Mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, duk abin da hannunsa ya kai gare shi zai ƙanƙame, kuma sau da yawa mai ceto da wanda ya je ceto tare ake tsamo gawarsu. Mun sha jin irin wannan a gulabenmu, wa ya bi ƙane, uwa ta bi ɗa. Ko gwani irin Duke, da hannu kawai ya shiga, da wuya ya fitar da fiye da mutum ɗaya ko biyu kafin ƙarfinsa ya ƙare. Sai ya ɗauki katakonsa. Ya kwanta a kai ya keta igiyoyin ruwan, ya ɗora waɗanda ya iya ɗorawa, ya kawo su gaɓa, ya juya ya koma, ya sake komawa. Shi kaɗai ya fitar da mutum 8. Abokansa, su ma da katakansu, suka fitar da 4. Mutum 5 suka rasu.

Abin lura a nan shi ne gwaninta da kayan aiki ne suka haɗu. Katakon ya ba shi sauri, ya ba waɗanda ake ceto abin riƙewa wanda ba wuyan mai cetonsu ba. Bayan wannan rana ma'aikatan ceto na bakin teku a Amurka suka fara ajiye irin wannan katako cikin kayan aikinsu. Mu a nan muna da gora, muna da jarka, muna da Sarkawa da suka san halin kowane gurbi na gulbi. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, akan yi gasar iyo da nutso da tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa, har ana ba gwanaye kyauta. Abin da ba mu gani ba shi ne a ɗauki gwanayen nan a ajiye su a mashigai ranar kasuwa, ko a kawo su su koya wa 'yan firamare.

A shekarar 1934 ɗin nan dai mutanen Honolulu suka zaɓe shi a muƙamin da Amurkawa ke kira sherif. Kada a rikita shi da sharifan da muka sani, wannan jami'i ne mai kula da gidan kurkuku da isar da takardun kotu. Sau 13 a jere suna zaɓensa, ya riƙe muƙamin har 1961. Ya auri Nadine Alexander a 1940, yana ɗan shekara kusan 50, kuma ba su sami haihuwa ba. Bayan Hawai ta zama jiha ta 50 a Amurka a 1959, aka naɗa shi mai tarbar manyan baƙi a madadin jihar. Akwai masu ganin an mai da shi ado ne kawai na jawo 'yan yawon buɗe ido, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya, amma mutanensa ba su taɓa daina girmama shi ba.

Ya daɗe yana fatan a sa hawan igiyar ruwa cikin wasannin Olamfik. Hakan bai tabbata ba sai a wasannin Tokiyo da aka yi a 2021, inda wata 'yar Hawai mai suna Carissa Moore ta ci zinariyar farko ta mata.

Duke Kahanamoku ya rasu ranar 22 ga Janairu, 1968, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 77. An ƙona gawarsa, abin da ya saɓa wa tamu al'ada, aka ɗauki tokar cikin jerin gwanon kwalekwale aka zuba a tekun Waikiki, dubban mutane suna tsaye a gaɓa. A 1990, shekara 100 da haihuwarsa, aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a wannan bakin teku, da katakonsa a tsaye a bayansa. Tsofaffin abokansa sun yi ƙorafi a lokacin, domin an kafa shi yana fuskantar titi ya ba teku baya, abin da suka ce bai taɓa yi ba yana raye.