Tarihin Ibnu Nafis, Likitan Da Ya Gano Hanyar Jini

Za mu kawo muku tarihin wani shahararren likita Musulmi, watau Ibnu Nafis, wanda ya fara bayyana yadda jini ke bi ta huhu.

An haife shi a ƙasar Sham wajen shekara ta 1213, ya kuma koyi aikin likita a asibitin Nuri na birnin Dimashƙa. Yana saurayi ya bar gida ya tafi Alƙahira ta ƙasar Masar, can ya zauna har ƙarshen ransa, ya zama babban likita. Har wa yau kuma malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'iyya.

To, ga abin da ya sa ake tunawa da shi. Zuciyar ɗan Adam ɓangare biyu gare ta, dama da hagu, da wani bango na tsoka a tsakaninsu. Tun daga zamanin Jalinusu, likitan Girka, an yi shekara kamar 1,000 likitoci suna koyar da cewa akwai waɗansu 'yan kafofi a jikin bangon nan waɗanda ido ba ya gani, wai ta nan jini ke ƙetarawa. Har Ibnu Sina ma ya bi wannan ra'ayi.

A wajen shekara ta 1242 Ibnu Nafis ya rubuta sharhi a kan littafin Ƙanun na Ibnu Sina. Ko da yake yana ganin girman malaman nan biyu, bai yarda ya bi su cikin kuskure ba. Ya bayyana cewa bangon nan a toshe yake, ba kafa ko ɗaya. Jini yakan fita daga ɓangaren dama ya tafi huhu, ya gamu da iska, sa'an nan ya komo ɓangaren hagu.

Likitocin zamani sun tabbatar da haka. Zuciya tana bugawa kamar sau 100,000 a kowace rana, kuma jinin baligi, wanda ya kai kamar lita 5, yakan ratsa huhu duka cikin minti ɗaya.

Abin mamaki, sai aka manta da aikinsa. A 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki duka, sunansa ya cika duniya. Sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya tono sharhin Ibnu Nafis a wani ɗakin ajiye littattafai na birnin Berlin, gaskiya ta yi halinta.

Masu tarihi sun ce da ciwon ajali ya kama shi, an ba shi shawara ya sha giya don magani, ya ƙi, don kada ya gamu da Ubangijinsa da ita a cikinsa. Ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bar gidansa da littattafansa waƙafi ga asibitin Mansuri. Allah ya jiƙansa, amin.