Harry Hess: Kyaftin ɗin da Ya Gano Duwatsu Masu Askakken Kai a Ƙasan Teku

Ni dai kafin in ci karo da labarin Harry Hess, ɗauka nake ƙasan teku fili ne na yashi da laka, kamar gindin tafki idan ya ƙafe da rani. Ashe su ma masana, har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, abin da suka sani game da wurin kaɗan ne ƙwarai, don ba a auna shi yadda ya kamata ba. Wannan Ba'amurke na cikin waɗanda suka buɗe ƙofar, kuma abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne babban bincikensa daga kuskure ya faro.

An haife shi a birnin Niyok ranar 24 ga Mayu, 1906. Ya shiga Jami'ar Yale da niyyar karatun injiniyan lantarki, sai ya sauya zuwa ilimin duwatsu da ƙasa. Ana ba da labarin cewa ya faɗi darasinsa na farko na ma'adinai, har aka shaida masa ba shi da makoma a fannin. Bai bari ba. Ya gama a 1927, ya yi shekara biyu yana neman ma'adinai a dazukan Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, sannan ya koma gida ya yi digirin dakta a Jami'ar Princeton a 1932. Daga 1934 can ya koyar har ƙarshen rayuwarsa.

Teku kuwa, ta hanyar wani masani ɗan ƙasar Holan, Felix Vening Meinesz, ya shige ta. A 1932 suka shiga jirgin yaƙi mai nutso na Amurka suna auna ƙarfin jan ƙasa a yankin Karibiyan. Don ya ci gaba da samun irin waɗannan jirage, Hess ya yi rajista da rundunar ko-ta-kwana ta sojan ruwa. To, da Japan ta kai wa Amurka hari a ƙarshen 1941, sai malamin jami'a ya sa kaki. Ya fara da aikin bin diddigin jiragen nutso na Jamus a Tekun Atlantika, daga baya aka tura shi Tekun Fasifik, inda ya zama kyaftin ɗin jirgin dakon sojoji mai suna Cape Johnson. Da shi aka sauke dakaru a Mariyana, da Filifin, da tsibirin Iwo Jima.

A jirgin akwai na'urar auna zurfi: tana aika ƙara zuwa ƙasan ruwa, ta jira amsa-kuwwa, daga tsawon jiran a gane zurfin. Amfaninta ga matuƙi shi ne kada ya yi karo da tudu idan ya kusanci gaɓa. Shi kuwa Hess ya bar ta a kunne dare da rana, har a tsakiyar teku. Ana cikin yaƙi, mutum yana ɗauke da rayukan ɗaruruwan sojoji, amma rabin hankalinsa na kan takardar da na'ura ke zanawa. Ni ban san ko in kira wannan sha'awar ilimi ko taurin kai ba.

Abin da takardar ta nuna ya ɗaure masa kai. Manyan duwatsu ne suka taso daga ƙasan teku, siffarsu ta dutse mai aman wuta sak, sai dai kansu a daidaice yake kamar faifai, kamar an sa wuƙa an yanke. Kuma kan nasu na nutse da kimanin mita 1,000 zuwa 2,000 ƙarƙashin ruwa. A takardar da ya wallafa a 1946 ya lissafa irinsu wajen 160, ya raɗa musu suna guyot, don tunawa da Arnold Guyot, tsohon malamin Princeton.

Askin kai dai bai yi wuyar fahimta ba: igiyar ruwa ce ke cinye kan tsibiri har ya daidaita. Amma igiyar ruwa a sama take aiki. Me ya kai su can ƙasa? Hess ya ce tsofaffin tsibirai ne tun farkon zamanin duniya, laka ta yi ta taruwa a gindin teku tana ɗaga ruwa a hankali har ya shanye su. Wannan yana buƙatar shekaru masu ɗimbin yawa, fiye da miliyan 500.

Nan ne aka kama shi. A 1950 wata tawagar masana ta yaso duwatsu daga kan wasu daga cikin guyot ɗin a tsakiyar Fasifik, Edwin Hamilton ya bincika, ya sami burbushin murjani da ƙananan halittun da ke rayuwa a ruwa marar zurfi, masu shekaru kimanin miliyan 100 kacal. A lissafin masu duwatsu wannan jiya-jiya ne. Mu da muka tashi a kara mun san abin: duk yadda mai saniya zai rantse a kan shekarunta, buɗe bakinta ake yi a duba haƙora. An duba haƙoran duwatsun Hess, sun ƙaryata shi.

Wani da sai ya tsaya kare bayaninsa har kabari. Shi sai ya ɗauki kuskuren ya haɗa da sauran abubuwan da suka ƙi daidaita. Lakar da ke ƙasan teku ba ta kai kaurin da ya kamata ba idan da gaske tun farkon duniya take taruwa. Ga kuma doguwar jerin tsaunuka a tsakiyar Atlantika, mai tsaga a gadon bayanta, wadda Marie Tharp da Bruce Heezen suka zana a taswira. A 1960 ya rubuta rahoto, aka buga shi a 1962. Ya ce narkakken dutse yana tasowa daga cikin ƙasa a waɗannan tsaunuka, ya daskare ya zama sabon daɓen teku, daɓen ya riƙa matsawa hagu da dama, har ya je ya nutse a ramuka masu zurfi na gefen teku. Nahiyoyi kuma a kai suke, ana tafiya da su. Su guyot, kusa da tsaunukan aka haife su inda ƙasa ke da tudu, ruwa ya aske su, sannan daɓen ya tafi da su zuwa zurfi. Shi da kansa ya kira rubutun nasa waƙe, saboda ya san hujjarsa ba ta cika ba. A yi adalci kuma: Arthur Holmes na Birtaniya ya riga shi tunanin cewa cikin ƙasa yana juyawa, Robert Dietz ma ya kawo irin wannan bayani a 1961.

Masu auna shekarun dutse ne suka raba gardamar. A cikin dutsen aman wuta akwai wani nau'in sinadarin fotasiyam da ke rikiɗa a hankali ya zama iskar agon. Rabinsa na ƙarewa cikin shekara biliyan 1.25. Lokacin da dutsen yake narke iskar guduwa take, da ya daskare sai ta fara taruwa, don haka yawanta ne ke faɗin shekarunsa. Da wannan Allan Cox, Richard Doell da Brent Dalrymple suka nuna cewa maganaɗisun duniya yakan juya, arewa ta koma kudu, kuma suka sa wa juyin lokaci. Na ƙarshe, a lissafin yau, kusan shekara 780,000 ke nan. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews a Ingila suka ce idan Hess ya yi daidai, to tilas a sami zanen wannan juyi iri ɗaya a ɓangarori biyu na tsaunukan. Zuwa 1966 an same shi. A ƙarshen 1968 jirgin haƙa Glomar Challenger ya fara huda ƙasan Atlantika ta kudu, aka ga duk nisan da aka yi daga tsaunukan sai shekarun su ƙaru, gwargwadon tafiyar santimita 2 a shekara kowane gefe.

Wannan ruwan da muke gani a bakin Legas, ta haka ya samu. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce gaɓarmu manne take da ta Burazil, kuma kwarin Binuwai ragowar wata tsaga ce ta wancan rabuwa da ba ta kai ga zama teku ba.

Ba komai ya ci ba. Ya yi zaton daɓen teku wani dutse ne da ruwa ya sauya, alhali mafi yawansa baƙin dutsen aman wuta ne. Shirin da ya tsaya wa na huda ɓawon ƙasa har a kai ga abin da ke ƙarƙashinsa ma, majalisar Amurka ta yanke masa kuɗi a 1966. A shekarar ce kuma ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka ta ba shi lambarta mafi girma.

A ƙarshen rayuwarsa shi ne shugaban kwamitin masana da ke ba hukumar NASA shawara kan binciken sararin samaniya. Ranar 25 ga Agusta, 1969, wata guda bayan an dawo da duwatsun farko daga duniyar wata, yana jagorantar taron kwamitin a Woods Hole zuciyarsa ta buga. Ya mutu yana da shekara 63, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.