Thomas Dorsey, Makaɗin Da Ubangiji Ya Kama Hannunsa

An haifi Thomas Dorsey ran 1 ga Yuli, 1899, a wani ɗan gari, Villa Rica, cikin jihar Jojiya ta Amurka. Shi baƙin mutum ne, jikan bayi. Ubansa mai wa'azi ne na Baftis, uwarsa kuwa ita ke kaɗa molon sujada. Tun ya na yaro suka ƙaura zuwa birnin Atlanta, talauci kuwa ya matsa musu. Ya bar makaranta da wuri, ya koyi piyano, ya shiga yin kiɗa a gidajen giya da na rawa domin ya sami abinci.

Da ya zama saurayi ya tafi Shikago. A can ya yi suna cikin kiɗan da a ke kira buluz, watau waƙoƙin da baƙaƙen Amurka su ke kukan wahalarsu da su. Ya yi wa shahararriyar zabiya Ma Rainey kiɗa. A 1928 shi da abokinsa Tampa Red suka yi faifan garmaho na waƙar batsa, aka saye shi ƙwarai da gaske, kuɗi kuwa suka shigo. Amma zuciyarsa ba ta huta ba. Ya sha kwanciya da ciwon baƙin ciki, gama tun 1921 ya ji kiran Ubangiji a babban taron Baftis, ya na ta raba ƙafa.

Ya fara tsara waƙoƙin bishara da irin muryar buluz ɗin nan da ya iya. Manyan ekklesiyoyin baƙaƙe na Shikago suka ƙi su. Su sun saba da waƙoƙin littafi irin na Turawa, a tsaye cik, ba tafi, ba motsi. Dattawa suka ce wannan kiɗan mashaya ne, har waɗansu fastoci suka hana shi tsayawa a gaban jama'a. Kada mu yi saurin ganin laifinsu, gama sun san inda kiɗan ya fito, su na kuwa tsoro domin 'ya'yansu.

A watan Agusta 1932 ya tafi birnin St. Louis domin taron farkawa, ya bar matarsa Nettie da tsohon ciki. Ya na cikin taron aka buga masa waya cewa ta rasu wajen haihuwa. Ya komo gida, jaririn kuma bai daɗe ba ya bi uwarsa. Dorsey ya kulle kansa a ɗaki, ya ga kamar Allah ya yashe shi. Bayan 'yan kwanaki ya zauna gaban piyano, ya tsara waƙar da ya ke roƙon Ubangiji ya kama hannunsa ya bishe shi. An juya ta cikin harsuna da yawa. Ita ce waƙar da Martin Luther King ya ke ƙauna, Mahalia Jackson kuwa ta rera ta wurin jana'izarsa a 1968.

Daga nan Dorsey ya ba da ƙarfinsa duka ga aikin Ubangiji. Ya zama shugaban mawaƙa a ekklesiyar Pilgrim ta Baftis a Shikago, ya yi shekaru da yawa a wurin. Ya buɗe gidan buga waƙoƙinsa, shi da Sallie Martin suka bi gari gari su na koya wa ƙungiyoyin mawaƙa, suka kuma kafa babban taron mawaƙan bishara na ƙasar. Ƙofofin da aka rufe masa dā suka buɗe ɗaya ɗaya. Ya rasu a Shikago ran 23 ga Janairu, 1993, ya na da shekara 93. A bisa hanyar da ya share ne su Edwin Hawkins da Andraé Crouch da Kirk Franklin suka haɗa muryoyin ƙungiya da kiɗan zamaninsu, su ma kuwa sun sha irin sukan da ya sha.

'Yan'uwa, maganar nan ta iso ƙofarmu. Samarinmu su na kawo jita da ganguna da sababbin muryoyi cikin sujada, dattawa su na ɓata rai. Dorsey bai yar da gwanintarsa ba, Maigida ya sake. Saboda haka mu dattawa, kada mu kori yaro domin muryar kiɗansa baƙuwa ce a kunnenmu. Mu zauna mu ji kalmomin, mu gwada su da Littafi Mai Tsarki, mu duba zaman mai rerawa. Ku kuma samari, ku tuna waƙar Dorsey wadda ta fi daɗewa ba domin tafi aka yi ta ba, a bakin kabari aka same ta. In kiɗa ya rufe maganar har tsohuwa a bayan ɗaki ba ta ji sunan Yesu ba, sai a rage shi.

Ubangiji ya ba mu hikima da haƙuri da juna. Amin.