Sarki Ibrahim Njoya na Fumban, sarkin da ya zauna da maƙera

 Tarihin da za mu kawo a wannan karo na maƙwabcinmu ne, Sarkin Bamun Ibrahim Njoya, wanda ya rasu a Yawunde ranar 30 ga Mayu 1933. Duk wanda ya taɓa sauka daga Banyo ta Mayo Darle da Bankim da Magba har ya shiga Fumban ya ga fadarsa ta bulo mai hawa uku a gaban kasuwa. Mutane sun fi saninsa da ƙirƙiro rubutu. Ni kuwa ina so ɗalibanmu su san shi ta wajen maƙera, domin shekara bakwai ana fama da tagulla a fadarsa don a zuba haruffan ɗab'i, kuma yadda aikin ya ƙare abin dubawa ne.

Njoya shi ne sarki na 17 a jerin sarakunan Bamun tun daga Nshare Yen. Yana yaro aka kashe mahaifinsa Nsangu a yaƙi da mutanen Nso a cikin shekarun 1880, suka tafi da kansa. Wannan babbar musiba ce a al'adar Bamun, don magaji bai cika sarki ba matuƙar kan ubansa yana hannun abokan gaba. Mahaifiyarsa Njapndunke ta riƙe masa mulki. Da ya fara tasawa sai wani babban bafade mai suna Gbetnkom ya yi tawaye, yaƙin basasa ya ɗauki shekaru, yunwa ta shiga Fumban.

A nan Banyo ta shigo labarin. A tsakiyar shekarun 1890 Njoya ya aika wa Lamiɗo Umaru yana neman gudummawa. Dawakin Banyo suka sauka, aka murƙushe tawayen. Kada mu ƙawata abin fiye da yadda yake: taimakon ba kyauta ba ne, an biya shi da dukiya da bayi, kuma waɗannan bayin 'ya'yan mutane ne. Amma saurayin sarkin ya ga wani abu a wurin rundunar. Ya ga suna sallah kafin su hau, ya ga malamai da allo da tawada da littattafai. Ya musulunta, malamai Fulani da Hausawa suka zauna a Fumban, fadawa suka fara sa babbar riga da rawani.

Wajen 1896 ya fara aikin rubutunsa. A tarihin da ya sa aka rubuta, an ce a mafarki aka umarce shi ya yi zane a kan allo ya wanke ya sha. Duk almajiri ya san inda wannan ya samo asali. Ya tara fadawa kowa ya kawo alamomi, aka sami wajen 500, yawancinsu hotunan abubuwa ne. Sai ya yi ta ragewa, gyara bayan gyara, har zuwa wajen 1910 suka koma 80, kowace alama tana wakiltar gaɓar sauti. Ana kiran wannan mataki a-ka-u-ku, da sunan alamominsa huɗu na farko, kamar yadda muke cewa abajada. Da shi aka buɗe makarantu, aka rubuta tarihi da al'adun Bamun, da littafin magunguna, da shari'o'in fada. Mutum ya yi ta zubar da abin da ya ƙirƙira da kansa don ya sauƙaƙa wa mai koyo, wannan hali ne na injiniya, kuma shi ne za mu sake gani a sauran ayyukansa.

Jamusawa sun iso a 1902. A watan Fabrairu na shekarar Lamiɗo Umaru da hafsan Jamus Nolte suka mutu rana ɗaya a Banyo, bayan Lamiɗo ya soke shi. Bayan 'yan watanni suka isa Fumban, Njoya ya karɓe su da lalama. A 1906 ya bi su yaƙin Nso aka maido masa da kan mahaifinsa. A 1908 ya tafi Buea, ya ba da gadon sarauta mai adon duwatsu da ake kira Mandu Yenu kyauta ga Sarkin Jamus Wilhelm na biyu, yana Balin har yau. A Buea ɗin ya ga gidan gwamna, da tsohuwar fadarsa ta itacen tukurwa da ciyawa ta ƙone a 1913 sai ya tsara sabuwa ta gasasshen bulo, wadda aka yi aikinta daga 1917. Ya kuma fita da kansa da ayarin ma'aikata a 1912 suka zaga ƙasar Bamun suna rubuta sunayen garuruwa da koguna, suna auna nisa da tsawon lokacin tafiya, aka ci gaba da aikin a 1920 har aka fitar da taswira. Ya sa aka ƙera injin niƙan masara da ake juyawa da hannu, don rage wa mata wahalar dutsen niƙa. Ya kuma saki sana'o'in da a da na fada ne kaɗai, irin su zubin tagulla, masu sana'a suka fara yi wa kowa aiki.

Yanzu ga maganar ɗab'i. Kwafe littafi da hannu yana cin watanni, makarantu kuwa suna ƙaruwa. A 1913 Njoya ya ɗora wa wani maƙerin fari na fadarsa mai suna Kpumie Pinu aikin zuba haruffa da yin injin bugawa. Hanyar da maƙeran Bamun suka gada ita ce zubin kaki. Maƙeri zai sassaƙa siffar abin da kakin zuma, ya lulluɓe ta da laka mai laushi, sannan ya ƙara laka mai kauri. Maƙeran ƙasashenmu sukan cuɗa lakar da garin gawayi da kashin dabbobi ko ƙaiƙayi. Wannan ba camfi ba ne: zaren da ke ciki yana hana lakar tsagewa idan tana bushewa, idan kuma ya ƙone a wuta sai ya bar ƙananan kafofin da iska za ta fita. Abin da ake koya wa ɗaliban injiniya yau game da haɗa abu biyu don a sami ƙarfin da ɗaya ba shi da shi, asalinsa ɗaya da wannan, da kuma ramno da magina ke sa wa jar ƙasa. Idan mazubin ya bushe sai a gasa shi, kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, ta huce, a fasa lakar.

Wannan hanya ta isa a yi lofe ko ƙararrawa ko adon takobi, inda in gefe ɗaya ya ɗara ɗaya da kaurin farce ba wanda zai kula. Harafin ɗab'i ba haka yake ba. Dole a sassaƙa shi a juye, dama ta koma hagu. Dole tsawon kowane harafi ya zama daidai da na ɗan'uwansa, don idan ɗaya ya fi tsawo zai huda takarda, idan ya gaza tawada ba za ta taɓa shi ba. Tagulla, wadda haɗin jan ƙarfe da tutiya ce, sai zafi ya kai wajen digiri 900 take narkewa, kuma idan tana hucewa tana tsukewa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. A lokacin hucewar ƙananan ƙwayoyi masu tsari irin na gishiri suke tsirowa a cikinta daga bangon mazubi zuwa tsakiya, in ruwan ƙarfen bai ishi tsakiyar ba sai a sami rami ko lotsawa a fuskar harafin. Ga babbar matsala: mazubin laka sau ɗaya ake amfani da shi. Alamomin 80 ne, amma shafi ɗaya yana bukatar kowace alama sau da yawa, kowane kwafi kuma sai an yi masa sabon kaki da sabon mazubi, a zuba, a goge da magagari har ya daidaita.

Gutenbag na Jamus ya tsallake wannan tun wajen 1450 da abu biyu: mazubin ƙarfe da ake buɗewa a sake amfani da shi sau dubbai, da haɗin dalma da kuza da antimoni, wanda ke narkewa da ƙaramar wuta, yana kuma cika kusurwoyin mazubi sosai. Dalma kaɗai a digiri 327 take narkewa. Abin mamaki, kuza tana kwance a ƙasar Mayo Darle a kan hanyarmu, inda aka haƙe ta daga baya a zamanin Faransawa. Kpumie Pinu da abin da ya gada ya yi aikin, shi ya sa ya ci shekara bakwai. Wanda ya yi wa wannan jinkiri dariya bai taɓa riƙe magagari ba.

Aikin ya kammala a 1920, a lokacin da ƙasa ta riga ta juya. Ingilishi sun shiga Fumban a ƙarshen 1915, suka miƙa ta ga Faransawa a 1916, Faransawa kuwa suna kallon Njoya a matsayin mutumin Jamus. Jami'in da suka ajiye a Fumban a wancan lokaci, Laftanar Prestat, ya matsa masa ƙwarai. Masu tarihi sun ruwaito cewa cikin ɓacin rai da wulaƙancin da ake masa, sarkin da kansa ya lalata haruffan. Ina ganin uzurinsa, amma ban ga daidai a ciki ba. Gumin shekara bakwai na maƙerin ne, amfaninsa kuma na yaran makaranta ne, fushi ya cinye duka. Ba a banza Manzon Allah (SAW) ya maimaita wa mai neman wasiyya hani a kan fushi ba. Da fasahar ta fita daga fada ta shiga hannun maƙera goma, da wani ya sake zubawa. Tana rataye da mutum ɗaya, da ransa ya ɓaci ta tafi.

Ba zan wuce maganar addininsa ba, don ɗalibai sukan tambaya. Bayan zuwan mishan na Basel a 1906 Njoya ya kusance su, ya ba su fili, ya yi nisa da malamai, ko da yake ba a yi masa baftisma ba. Wajen 1916 ya sa aka rubuta littafin addini da ya gauraya Musulunci da Kiristanci da al'adar Bamun. Wannan kuskure ne babba. Addini ba tagulla ba ne da za a ƙara wannan a rage wancan har a sami haɗin da ya yi wa sarki daɗi. Hankalin da ya amfane shi a maƙera shi ya ɓatar da shi a nan. Sai dai ya dawo ga Musulunci, ya ɗauki laƙabin Sultan, kuma a kan Musulunci gidansa ya tabbata. Ɗansa Alhaji Saidu Njimolu, wanda ya gaje shi daga 1933 zuwa 1992, Musulmi ne sananne, haka waɗanda suka biyo baya.

Mu ma akwai abin da ya shafe mu. Allah Ya ba mu labarin Annabi Dawuda (AS) a Suratu Saba, cewa Ya tausasa masa ƙarfe, Ya umarce shi ya kyautata awo a saƙar sulke. Malaman fiƙihu kuma sun sa sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa da barinsu a cikin farali kifaya. Duk da haka har yau akwai gidajen da ɗan maƙeri zai zo neman aure a tsaya binciken asalinsa, a kuma ɗauki makarantar koyon sana'a wurin tura yaron da ya kasa.

A 1924 Faransawa suka ƙwace ikonsa, suka raba ƙasar ga hakiman da suka naɗa, makarantun rubutunsa suka mutu. A 1931 suka kai shi Yawunde, can ya zauna shekara biyu ya rasu, aka maido gawarsa Fumban. Dubban takardu da rubutunsa sun tsira a fada, an ɗauki hotunansu a wani aiki da aka fara a shekarun 2000, a 2009 kuma aka shigar da haruffan cikin tsarin Unicode, yanzu ana iya buga su a kwamfuta. An buɗe sabon gidan tarihi kusa da fadar a 2024. A unguwar masu sana'a ta Fumban har yanzu ana zubin kaki, mafi yawa kayan ado ne na sayar wa baƙi.

Allah Ya jiƙan Sarki Ibrahim Njoya, Ya yafe masa kurakuransa, Ya jiƙan Lamiɗo Umaru da sauran magabatanmu.