Labarin Abebe Bikila, Gwanin Gudu Na Ƙasar Habasha

Da yawa cikin malaman ofis da malaman makaranta sun yi gudu sa'ad da suna 'yan makaranta, har waɗansu sun ci kyauta ran wasanni. Yau da gobe, ga aiki, ga iyali, ko kuwa wani ciwo ya kwantar da mutum, sai gudu ya tsaya. Ran da ya ce bari ya koma, ya ji numfashi ya ƙi tun bai yi rabin mil ba, sai zuciya ta karye, ya ce ai shi nasa ya wuce. Irin waɗannan mutane ne ya kamata su ji labarin Abebe Bikila.

An haifi Abebe ran 7 ga watan Agusta 1932 a wani ƙauye wai shi Jato, cikin lardin Shewa ta ƙasar Habasha. Ubansa makiyayi ne. Da ya kai shekara ashirin sai ya tafi Addis Ababa ya shiga rundunar masu tsaron Sarki Haile Selassie. A can wani Bature mutumin Suwidin, Onni Niskanen, wanda aka ɗauka don horad da sojoji, ya lura da shi, ya shiga koya masa tseren dogon zango. Wannan tsere tsawonsa mil 26 ne da yadi 385, watau kilomita 42 da 'yan kai, kusan kamar mutum ya tashi daga Gusau ya taɓa Bunguɗu ya komo ba tare da ya zauna ba.

Cikin 1960 aka tafi da shi birnin Rum wajen wasannin duniya na Olimfik. Takalman da ya samu ba su zauna masa daidai ba, saboda haka ran 10 ga Satumba ya shiga tsere ƙafa ba takalmi. Da maraice aka tashi, dare ya riske su a hanya, sojoji na tsaye gefe da jiniya suna haskaka musu. Shi da wani Bamaroke, Rhadi ben Abdesselam, suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai dab da ƙarshe Abebe ya tsere masa. Ya gama cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ba a kuwa taɓa yin wannan tsere da sauri haka ba. Shi ne baƙin mutum na fari daga Afirka da ya ci lambar zinariya a waɗannan wasanni, a babban birnin Italiyawan da suka mamaye ƙasarsu tun yana yaro.

Wannan shi ne labarin da kowa ya sani. Amma a ganinmu abin da ya biyo baya ya fi shi ban mamaki.

Cikin 1963 ya je Boston ta Amurka, jama'a duk sun sa rai shi zai ci. Ya ja gaba har wajen mil ashirin, sa'an nan ƙafafu suka ɗaure, mutum huɗu suka wuce shi, ya zo na biyar. Wani da sai ya fake da girmansa ya bar fage. Shi kuwa ya koma gida ya ci gaba da horo. Ana sauran mako biyar a yi tseren Tokyo na 1964, ciwon ciki ya kama shi, likitoci suka yanka suka cire masa 'yar hanjin nan da kan kumbura. Ba wanda ya zaci zai yi gudu. Kafin mako ya cika ya bar asibiti, ya fara motsa jiki kaɗan kaɗan. Ran 21 ga Oktoba ya shiga tsere, wannan karon da takalmi, ya gama cikin sa'a 2 da minti 12 da daƙiƙa 11. Na biyu, Basil Heatley mutumin Ingila, sai bayan fiye da minti huɗu ya iso. Kafin Abebe ba wanda ya taɓa cin wannan tsere sau biyu a Olimfik.

Daga 1967 ciwon ƙafa ya fara damunsa. A Meziko cikin 1968 ya tashi tare da jama'a, amma wajen kilomita 17 ya fita, don ƙashin ƙaurinsa ya tsage. Abokinsa Mamo Wolde ya ci, lambar ba ta bar Habasha ba. Sarki ya ƙara wa Abebe girma, ya zama kyaftin.

Cikin watan Maris 1969 motarsa ta kife da shi da dare. Ƙashin wuyansa ya taɓu, jikinsa ya shanye tun daga wuya har ƙasa. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya yi wata takwas. Da fari ko kansa ba ya iya juyawa. Sannu a hankali hannuwa suka dawo, ƙafafu kuwa ba su sake ɗaukarsa ba har ya bar duniya. To, ku duba: mutumin da duk arzikinsa ƙafa ce, ga shi cikin keken guragu yana da shekara 36. Ba mai ganin laifinsa da ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

Abebe ya duba abin da ya rage masa, ya ga hannu ne, sai ya ɗauki baka da kibiya ya zama ɗan koyo, kamar yadda ya zama ɗan koyo a hannun Niskanen tun farko. Cikin 1970 ya shiga wasannin naƙasassu na Stoke Mandeville, ya yi harbin baka da ƙwallon tebur. Shekara ta kewayo ya tafi ƙasar Norwe, inda aka yi tseren keken da ake ja bisa ƙanƙara, abin da ba a san shi ba a garinsu, ya kuwa zo na ɗaya. Cikin 1972 aka gayyace shi Munich ta Jamus wajen Olimfik, da aka shigo da shi fili jama'a suka miƙe tsaye suna tafi.

Ya rasu a Addis Ababa ran 25 ga Oktoba 1973, yana da shekara 41, jini ne ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, abin da ya samo asali daga haɗarin nan. Aka yi masa jana'iza irin ta manyan soja, Sarki Haile Selassie da kansa ya halarta, aka binne shi a maƙabartar majami'ar Yusufu Mai Tsarki.