Joseph Tarka da Jam'iyyar da Aka Haifa a Kafanchan

An haifi Joseph Sarwuan Tarka a Igbor, cikin ƙasar Tibi, ran 10 ga Yuli 1932. Mahaifinsa malamin makaranta ne, shi ma ɗan ya gaji allin: ya yi Midil ta Katsina-Ala, ya ƙaro ilimi a Bauchi, ya shiga koyarwa. Yana ɗan shekara 22 aka zaɓe shi zuwa Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1954.

Jam'iyyar da ta ɗaukaka sunansa ba shi ya kafa ta ba. Tushenta yana cikin 1949, sa'ad da malamai da ma'aikatan ikkilisiya, yawancinsu 'ya'yan makarantun mishan, suka haɗa ƙungiyar waɗanda ba Musulmi ba a Arewa. Ita ce ta zama Middle Zone League, Fasto David Lot yana gaba. Kukansu sananne ne ga kowane gida a ƙasar Kagoma, wadda ke ƙarƙashin Sarkin Jama'a a lokacin: ana karɓar haraji ana yanke shari'a, masu ƙasa kuwa ba su da baki. A 1955 ƙungiyar ta haɗu da Middle Belt People's Party a Kafanchan, mahaɗar jirgin ƙasa, aka haifi UMBC.

Jaririyar ta zo da rigima, gama wasu shugabanninta suna so a yi tafiya da NPC ta Sardauna, wasu sun ƙi. A 1957 aka miƙa wa Tarka shugabanci. Buƙatarsa ɗaya ce, a yanke Jihar Tsakiya daga Arewa. Hukumar Willink ta saurari ƙorafin ƙananan ƙabilu, amma rahotonta na 1958 bai yarda da sabuwar jiha ba.

Sai ya kai maganar gaban akwatin zaɓe, ya ƙulla ƙawance da Action Group ta Awolowo. A zaɓen 1959 ƙawancen ya ci kujeru 25 cikin 174 na Arewa, NPC ta kwashe 134. Ga jam'iyyar da ba ta da En'e ko 'yan doka a hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ƙarfinta ya fi taruwa a ƙasar Tibi. Can ne tarzomar 1960 da ta 1964 suka ci rayuka da yawa. An gurfanar da Tarka tare da Awolowo bisa zargin cin amanar ƙasa, kotu ta sallame shi.

Abin da ƙuri'a ta kasa, soja ya yi. A 1967 Gowon ya ƙirƙiro Jihar Binuwai da Filato, Tarka kuma ya zama kwamishinan tarayya, har ya yi murabus a 1974 bayan zargin rashawa. Kafanchan kuwa, inda aka raɗa wa jam'iyyar suna, ta faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya, wato Kaduna ta yau. Kagoma ba ta sami masarautar kanta ba sai bayan shekaru da yawa.

Tarka ya zama sanata a 1979 ƙarƙashin NPN, zaune da magadan NPC da ya daɗe yana yaƙa. Ya rasu a Landan ran 30 ga Maris 1980, yana da shekara 47.