Dakta John Dalziel: Likitan da ya tattara sunayen itatuwan ƙasar Hausa

Duk wanda ya tashi a yankin Birnin Kudu ko Gwaram ya san hano, itacen da wasu ke kira ararrabi, mai son wuraren duwatsu, wanda ɓawonsa ke salewa kamar takarda. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna dafa sassaƙensa saboda zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi da wankin gyambo.

A littattafan kimiyya kuwa sunan wannan itace Boswellia dalzielii. Kalma ta biyu sunan wani likita ne da ya rasu a 1948, wato Dakta John Dalziel.

Daga Indiya zuwa Arewa

An haifi Dalziel a birnin Nagpur na Indiya a 1872, amma asalinsa ɗan Scotland ne. Ya karanta likitanci a Jami'ar Edinburgh, sannan ya yi aikin asibitin mishan a kudancin China, inda ya soma tara samfurin tsirrai.

A 1905 ya shiga aikin lafiya na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma, shekara biyu bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Aiki ya kai shi wurare irin su Sakkwato, Yola, Zungeru da Katagum, masarautar da ke maƙwabtaka da Jigawa ta yau.

Duk inda ya sauka yakan tsinki ganye da fure, ya busar, ya rubuta sunan da mutanen wurin suke kiran tsiron da kuma amfanin da suke yi da shi, sannan ya aika lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan. A can ne masanin tsirrai John Hutchinson ya raɗa wa hano sunan Dalziel a 1910.

Littafin 1916

A 1916 ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, ƙaramin ƙamus da ya jera sunayen tsirrai da Hausa tare da sunayensu na kimiyya. Nan ne muhimmancin aikinsa yake. Itace ɗaya kan yi suna biyu ko uku daga gari zuwa gari, suna ɗaya kuma kan hau itatuwa daban-daban. Idan ba a tantance ba, mai bincike zai iya gwada wani ganye alhali wani daban mai magani yake nufi.

Bayan ya bar aikin gwamnati ya koma Kew. Shi da Hutchinson suka fitar da babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. A 1937 kuma ya wallafa The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda ya bayyana amfanin tsirrai wajen abinci, magani, rini da sana'o'i. H. M. Burkill ya faɗaɗa littafin zuwa juzu'i shida daga 1985 zuwa 2004.

Abin da ake gani a ganyen yau

Da irin waɗannan sunaye ne ɗaliban harhaɗa magunguna a Zariya da Kano ke gane sabara da Guiera senegalensis, marke kuma da Anogeissus leiocarpa, kafin su kai ganyen ɗakin gwaji.

Gwaje-gwaje sun nuna ganyen hano, sabara da zogale na ɗauke da sinadaran fenol da filabonoyid. Waɗannan sukan tare wasu ƙwayoyin sinadari masu lalata ƙwayoyin halittar jiki, wasunsu kuma kan rage kumburi. Hano dangin itacen lubban ne, wanda ƙaronsa ya yi suna a binciken maganin kumburi.

Sai dai yawancin gwajin a kwalba ne ko a jikin ɓeraye. Bai fayyace yawan da mutum zai sha ba tare da ya cutar da hanta ko ƙoda ba. Mai ciki, ko mai shan maganin hawan jini ko ciwon suga, ya tuntuɓi likita kafin ya haɗa da jiƙo.

Ilimin na wa ne?

Dalziel ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma ilimin da ya rubuta daga bakin wanzamai, maharba, makiyaya da ungozomomi ya fito. Sunansa ya hau itace, nasu sunayen kuwa ba a san su ba.

Yau itatuwan kansu na cikin matsi. Sarar itace don gawayi da faɗaɗa gonaki na cin daji, kuma hanon da aka sassaƙe ɓawonsa zagaye yakan bushe. Tsinkar ganye ba ta kashe itace kamar sassaƙe, shi ya sa binciken ganye ke da amfani ga mai magani da dajin baki ɗaya.

Tsofaffin da suka san waɗannan sunaye a ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu suna ƙarewa. Wanda ke da waya a hannu zai iya ɗaukar hoton ganyen, ya naɗi bayaninsu, ya kuma rubuta sunan wanda ya faɗa masa.